Fuskar Dillalin Albasa

A shekarar da Najeriya ta sake launin takardun naira, lokacin da mutum kan kwana da buhun kuɗi ya wayi gari ana ce masa takarda ce kawai, a shekarar ne aka sace mini fuska. Mu mutanen Konni sefa ce kuɗinmu, amma rabin cinikinmu da naira ake yin sa, saboda haka abin ya taɓa mu kamar a tsakar gidanmu aka yi shi. Ƴan canji suka ɓoye abin da ke hannunsu. Fatake suka riƙa zuwa da waya maimakon jaka. Har dattawan da suka sha rantsuwa ba za su yarda da kuɗin da ba a lashi yatsa an taɓa ba, sai ga su suna tambayar yadda ake zuba dukiya cikin waya.

Ni dillalin albasa ne a lokacin, kamar yadda mahaifina ya kasance, Allah ya jiƙansa. Manomi daga wajen Dogarawa ko Tajaye zai kawo buhunansa, ya sauke gaban tabarmata, ya koma gida bai karɓi ko dala ba. Farke daga kudu zai ɗora su a mota, wani lokaci ba ya biya sai ya je ya dawo. Babu takarda tsakaninsu, ni ne kawai a tsakani. Ban shiga lakwal na yi boko ba, allo na yi, kuma da ajami nake sa alama a kan kowane buhu: sunan mai shi a sama, nawa a ƙasa, da wata lanƙwasa da nake ja a ƙarshen sunan tun ina yaro. Manomin da bai san ko harafi ɗaya ba ya san wannan lanƙwasa. Ita kuma na zana a katina na ɗan ƙasa, a wurin da ma'aikacin ofishin hukuma ya ce in sa hannu.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda ke noman rani a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar malam guda. Kowa ya san yadda taubasai suke: shi yana kirana bawansa, ni ina ce masa gidansu ne aka kasa riƙe uwata shi ya sa aka kawo ta namu. Ba a fushi da taubashi, ba a kuma ɗaukar maganarsa a kan ɗan'uwansa da nauyi. Ɗansa da ke Abijan ya aiko masa da babbar waya, irin wadda ake shafawa, tun daga nan ya zama malamin zamani a ƙauyensu.

Na je wurinsa bayan an cire albasa, don in duba abin da zai sayar da abin da zai ajiye. A nan ya nuna mini wata manhaja, kamar yadda ƴan rediyo ke kiran waɗannan abubuwa na cikin waya. Ya ce mutum na sa ɗan kuɗinsa a sayo masa rabo a manyan kamfanoni, in sun ci riba ya ci, in sun faɗi ya faɗi. Na tambaye shi ko ba kuɗin ruwa ba ne. Ya ce a'a, kamar mutum biyu ne su haɗa su sayi sa. Ya ce kuma duk wanda ya shigo da wani ana ba shi ɗan goro, shi goron yake so, kuma bawa ba ya hana ubangidansa goro. Wayata ƙarama ce mai maɓalli, don haka a tasa za a buɗe, da lambarsa, amma da katina.

Ya tsayar da ni jikin rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa a ciki har ta yi tsada.

"Ɗaga katin ƙarƙashin haɓa," in ji shi. "Wagga huska taka, ko injin ban-ruwa ya gan ta sai ya mutu."

Na ce masa jinin gidansu ne ya ɓata ta. Wayar ta nemi in juya dama, na juya. Ta nemi hagu. Ta nemi in ƙifta ido, taubashina yana dariya har yana riƙe ciki, yana cewa bai taɓa ganin bawa mai biyayya irina ba. Na ba shi abin da bai kai kuɗin buhu guda ba ya zuba, muka ci tuwo, na hau mota na koma Konni. Kafin damina ta faɗi na manta da maganar.

A cikin daminar ne, wajen lokacin da aka rufe iyakarmu da Najeriya ciniki ya tsaya, na fara lura da wani sabon abu. Mutane suka ƙara mini girma. Manomin da a da gaisuwarmu ba ta wuce lafiya da gajiya, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Aka fara aiko mini da ƙwan zabi, da man shanu, da daron wake. Wani ya tsayar da kabu-kabunsa a tsakiyar hanya don kawai ya ce Allah ya ƙara mini buɗi. Matata ta tambaye ni abin da na yi wa mutanen ƙauye. Na ce mata ban yi komai ba, sai dai gaskiya ko ta daɗe tana tsirowa. Na yi wa Allah godiya a kan haka cikin sujada, da zuciya ɗaya.

Ga abin da yake faruwa ban sani ba. A wurinmu ba a maganar ajiya. In ka ba mutum dukiyarka ya riƙe maka, ba ka faɗa wa maƙwabci, don gobe zai zo da buƙata. Ba ka faɗa wa ɗan'uwa, don baki. Shi kansa wanda ka ba, ba ka tuna masa, don tunawar zagi ce, kamar ka ce kana tsoron ya ci. Kana gaishe shi da kyau, ya gane, ka gane. A haka mahaifina ya riƙe dukiyar mutane har ya koma ga Allah. To, duk masu riƙe hannuna da hannu biyu, a ganinsu ajiyarsu na wurina.

Wanda ya fasa maganar wani dattijo ne daga wajen Tajaye, wanda tun zamanin mahaifina yake kawo mana kaya. Lokacin zuba irin albasa ya yi. Ya jira har mutane suka ragu bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce yana jin kunya, amma ba shi da kuɗin iri da man inji. Ya ce ba ribar yake nema ba, uwar kuɗin kaɗai ta ishe shi, kuma da lambar na amsawa da bai zo ya tsaya mini a ka ba.

Na tambaye shi wane kuɗi.

Ya dube ni tsawon lokaci. Sannan ya zaro wayar ɗansa daga aljihu, ya daddanna da ƙyar, ya miƙo mini. Ga ni tsaye jikin rudu, kati ƙarƙashin haɓa, ina juya kai dama da hagu, ina ƙifta ido. An kusanto da katin har lanƙwasar sunana ta fito sarai. Bayan hoton wata murya, mai Hausar gabas, tana cewa wannan bawan Allah da kuka sani shi ne wakilinmu a Konni, ku tura a wannan lamba, kuɗinku zai haihu kafin kaka. Dattijon ya ce in an tura, sunana ne ke fitowa. Ya ce da farko ya tura kaɗan, aka mayar masa da ƙari. Sai ya sayar da sansa na huɗa.

Na ce masa, don Allah, me ya hana shi tambayata tun ran farko, ga shi duk ranar kasuwa muna haɗuwa.

"Yaushe anka taɓa tambayar mutum ajiya?" in ji shi. "Ubanka ya riƙe min kuɗin shanu shekara da shekaru, ban ce mishi ƙala ba. Boko ban sani ba, amma hannunka na sani. Ko ba hannunka ba ne wanga?"

Hannuna ne. Na ce masa hannuna ne, fuskata ce, amma ban taɓa ganin ko dala tasa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya je ya tsaya a tsakiyar rumfunan albasa, ya riƙa nuna wa duk mai wucewa wayar. A nan aka gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ke da sirri da ni. Mutum ya dubi maƙwabcinsa na gona, wanda suke shan hura a ƙwarya ɗaya, ya ga shi ma ya tura. Kunyar da suka ji ta juna, a kaina suka sauke ta.

Ba zan faɗi duk abin da aka yi ba. An janye tabarmar ina kanta. Wani matashin manomi da na raɗa wa suna da bakina ranar sunansa ya tuɓe mini hula ya jefa cikin tulin ruɓaɓɓiyar albasa, ya ce in ɗauko ta da baki tunda da baki nake ci. Wata mata da ta tura kuɗin adashin ƙauyensu ta tofa mini yawu, ta tsaya tana kallon yana gangara, ba ta bar ni na share ba sai da ya kai gemu. Jandarmomi ne suka fitar da ni, kuma ranar na ji daɗin shiga motarsu.

Na yi ƴan kwanaki a wurinsu. Babbansu mutum ne mai haƙuri, ya bincika ƙaramar wayata bai sami komai ba, ya aika aka duba gidana aka tarar da abin da kowa ya sani ina da shi. Shi ne ya bayyana mini abin da ya faru. Ya ce ita manhajar da aka buɗe mini ba ta ƴan damfara ba ce, amma duk hotunan mutane da katunansu tana tara su wuri guda, kamar rumbu. Ɓarayi suka fasa rumbun ta cikin waya, suka kwashe, suka riƙa sayarwa kashi-kashi ga wasu ɓarayin. Wanda ya sayi kashin da nake ciki ya bincika ya gane ko ni wane ne a Konni, ya buɗe asusu da katina, sauran kuma na gani da idona. Ya ce masu abin suna iya kasancewa a wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba. Ya ce a wurin hukuma ba ni da laifi. Amma ya ba ni shawara in kawo wanda ya ɗauki hoton ya yi bayani gaban mutane, don takardar jandarma ba ta wanke mutum a kasuwa.

Na yi murna da wannan shawara, don na ga abu ne mai sauƙi. Sarkin dillalai ya tara mutane a rumfarsa, na aika aka kira taubashina, ya zo cikin sabuwar shadda. Na faɗi yadda aka yi tun daga goro har ƙifta ido. Aka juya aka dube shi.

Ya yi murmushi ya ce, "Rudu nawa ke akwai daga nan har Galmi? Bawa dai in ya yi ɓarna, dole ya ce ubangidansa ya aike shi."

Aka yi dariya. Har waɗanda suka rasa shanunsu sai da suka murmusa. Na rantse da Allah, ya ce ai bawa da rantsuwa kamar kaza da tono. Wani ya ce mini in ji kunya, an zo maganar dukiyar mutane ina kawo wasan taubasai. Sarkin dillalai ya ce babu shaida, kuma ko da akwai, ba zai iya tilasta wa manomi ya sauke kayansa gaban wanda ba ya so ba. Aka watse.

Na bi shi har tasha. Na same shi bayan motar Dogarawa inda ba kowa, na ce masa yanzu ba mai jin mu, ya gaya mini dalili. A nan murmushin ya tafi. Ya ce tun farkon damina saƙo ya shigo wayarsa daga kamfanin, da Turanci. Ya kai wa wani mai shagon waya ya karanta masa, aka ce an sace hotunan mutane, duk mai kati ya gaggauta sanar da hukuma. Ya ce ya yi niyyar gaya mini, amma ya tuna zan yi ta yi masa dariya har kabari, malamin zamani ya kai bawansa kasuwa an sace. Ya ce bari sai an kwana biyu. Sai hotona ya fara yawo a ƙauyensu. Da ya ga ana biyan na farko, ya ce a ransa wataƙila gaskiya ce, ni ne na zagaye shi na zama wakili. Da aka daina biya kuwa, magana ta riga ta yi nauyi.

"In na hwaɗi yanzu, ni za su ci," in ji shi. "Kai an riga an ci ka. Mi za a ƙaru da shi in anka ci mu biyu?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗin mota zai ba ni, ni da nake garinmu. Na bar shi da hannu a miƙe.

Abin da ya biyo baya ba shi da hayaniya, kuma ya fi ranar kasuwa ciwo. Ga-ruwa ya daina tsayawa ƙofar gidana. Matata ta je suna aka ɗauke jakunkuna daga kusa da ita tana kallo. A masallacin unguwarmu ba wanda ya hana ni shiga, amma in aka tayar da salla sai a bar tazara dama da hagu, liman yana cewa a haɗa sahu, ana matsawa can gefe. Na yi salla wata da watanni kafaɗata ba ta taɓa ta kowa ba. Yara suka koyi wasa: ɗaya ya riƙe ɓawon kwali ƙarƙashin haɓa, ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙifta ido, sauran su faɗi ƙasa don dariya. Iyayensu na zaune suna kallo.

Manoman ƙauyen taubashina kuwa, da suka rasa wanda za su amince wa, sai suka ce gara nasu na gida. Ya fara rako kayansu Konni, daga rakiya ya shimfiɗa tabarma, ba nisa da inda tawa take a da. Ni na koma tsintar albasa a bayan rumfuna, ana ware mai kyau da ruɓaɓɓiya a biya mutum da yamma. In ya wuce yakan ɗaga murya ya ce a ba bawansa hura a sa a kansa. Mutane suna yaba masa, suna cewa ga mai riƙon zumunci duk da abin kunyar da aka jawo wa dangi.

Na kai ƙara wurin Allah kaɗai. Malaminmu ya karantar da mu cewa Ubangiji yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawansa in ya so, amma haƙƙin wani bawa ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Wannan karatu na riƙe, da shi nake kwana da shi nake tashi.

Shekarar da ta zagayo, ɗansa na Abijan ya biya masa kujerar Makka. Maniyyaci kuwa ba ya tashi sai ya bi gida-gida ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa zama da shi. Ya zaga dangi duka, ya bar ni a ƙarshe. Ya zo da hantsi, ya yi sallama, na shimfiɗa masa buzu a zaure. Ya fara da wasa, ya ce ubangida zai yi tafiya ya zo ya ga ko bawa na da saƙo. Da ya ga wasan bai karɓu ba, ya sake farawa da muryar mutane, ya ce zai je ɗakin Allah, ba ya so ya tsaya a Arfa da nauyina a wuyansa, in yafe masa don zumuncin iyayenmu.

Na ce masa ban yafe ba.

Ya ce zai mayar mini da manoman ƙauyensu. Ya ce zai sa ɗansa ya ba ni jari. Na ce masa ba jari ya ɗauka ba, ba kuma jari zai mayar ba. Shaida ya riƙe mini. Na ce sai ya je rumfar sarkin dillalai ranar kasuwa, ya faɗi wanda ya riƙe wayar, ya faɗi saƙon da ya shigo da watan da ya shigo. Ya roƙe ni in bar masa maganar saƙon, ya faɗi ta hoton kaɗai. Na ce duka ko babu.

Ya tafi, aka fara aiko mini da mutane. Matarsa ta zo ta durƙusa gaban matata tana kuka. Limamin da ya kasa haɗa mini sahu ya zo ya karanto mini falalar mai yafiya, na saurare shi har ya gama, na ce na gode, na san ayoyin. Wani dattijon dangi ya ce mini in ji tsoron Allah, mutum ya tsufa, wannan ce damarsa. Na ce masa tsoron Allah ne ya sa nake so a biya ni a nan, don a can ba da magana ake biya ba. Na san abin da zai biyo bayan shaidar, shi ma ya sani. Yana iya hawa jirgi bai faɗi komai ba, ba wanda zai tare shi. Amma allo ɗaya muka karanta, kuma karatun da ya hana ni barci shi ya hana shi.

Ranar kasuwa ya zo, ba shadda, ya tsaya a rumfar. Ya fara magana wasu suna murmushi, suna jiran inda wasan zai faɗa. Ya ce ba wasa ba ne, ya ɗaga hannu ya yi shahada, ya faɗi komai. Ya ce shi ya tsayar da ni jikin rudunsa. Ya buɗe wayar ya nuna saƙon, wani ɗan kasuwa mai jin Turanci ya karanta wa jama'a ya fassara.

Dattijon Tajaye yana wurin. Tun da ya rasa sansa ya koma yi wa wasu ƙwadago, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya matso a hankali ya tambayi watan da saƙon ya shigo. Taubashina ya faɗa masa.

"Ni kuwa sai bayan nan na sai da sana," in ji dattijon. "Kai ma ka taya ni ciniki."

Abin da aka yi mini aka yi masa, har da ƙari, don shi an san yana da kuɗin Makka. Aka yaga masa riga. Matar adashi ta same shi ita ma. Ina tsaye a bakin rumfa ban sa hannu ba, ban kuma hana ba. Waɗanda suka yi asara suka haɗu suka kai ƙara, hukuma ta ce sai an bincika ko yana da hannu da ɓarayin, aka riƙe fasfonsa har a gama. Ba a same shi da hannu ba, amma kafin a gama jirgin ƙarshe ya tashi.

Ni kuwa ba a mayar mini da komai ba. Wasu sun ce ashe, wasu sun fara amsa sallamata, a masallaci tazarar ta ragu. Amma manoma sun riga sun saba da wasu dillalai, kuma na ji ana cewa ko ba shi ya ci ba, fuskarsa ba ta da sa'a. Wani direba ya gaya mini ya ga hotona a wani gari can kudu, ina juya kai dama da hagu, wannan karon ana cewa ni wakilin masu sayar da filaye ne. Na tambayi babban jandarma ko akwai yadda za a goge shi. Ya ce abin da ya shiga hannun waɗannan mutane ba ya dawowa.

Ranar Arfa na ɗauki azumi, na hau motar Dogarawa. Na tarar da shi zaune a inuwar katanga shi kaɗai, kumburin gefen idonsa bai gama sacewa ba. Jakar alhazai na jingine a bakin ɗaki, haramin a naɗe a samanta, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke ta. Daga gidan maƙwabta ana jin rediyo, alhazai na talbiya. Na yi sallama ya amsa, bai matsa mini a tabarma ba, na zauna a ƙasa.

"Saura mi?" in ji shi.

Na ce babu saura.

"To hwaɗi da bakinka, in ji."

Na ce na yafe masa duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Ya shafa fuska ya ce Allah ya karɓa. Na jira ko zai ce shi ma ya yafe mini, bai ce ba, ni ma ban nema ba. Ya kira matarsa ya ce a kawo wa baƙo ruwan alwala, azahar ta yi. Na yi alwala a ƙofar gida, na yi salla, na fita bakin hanya na tsaya jiran motar Konni.